Kacala Ba Baƙuwa Ba Ce

Da kwamitin wannan mujalla ya ce in kawo nawa rubutu na bana, niyyata ita ce in yi magana a kan latti da ƙin shiga laburare, kamar yadda na saba. Abin da ya sauya mini shawara wata 'yar gardama ce da ta tashi tsakanin 'yan ƙungiyar manoma matasa na makarantarmu a zangon da ya wuce, kuma har yanzu ba ta mutu ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa aikin gonar makaranta ya san kududdufin nan na gangare, inda aka ɗebi ƙasar bulo shekarun baya. A dā yakan cika da damina, kafin hutun Kirsimeti ya ƙafe, awaki su riƙa ratsawa ta cikinsa. Tun da aka haƙa rijiyar burtsatse aka ɗora tanki, rarar ruwan tankin da na wurin wankin ɗalibai duk can suke gangarawa, har ya zama ba ya bushewa ko a watan Afrilu. Ba a jima ba sai ga wata doguwar ciyawa ta ɓullo a gefensa, mai ganye kamar takobi, da kai ruwan ƙasa kamar zangarniyar gero. Bana ta cinye fiye da rabin kududdufin, ta kuma fi kowane ɗalibi tsawo.

Wani ɗan aji biyar da ya taɓa zama wajen kawunsa a ƙasar Haɗeja shi ya fara gane ta. Ya ce wannan ita ce kacala, ciyawar da ta hana mutanen can noma da su. Daga nan sai magana ta rabu. Wasu suka ce Turawan da suka gina dam ne suka shigo da ita. Wasu suka ce a'a, tsuntsayen ƙasashen waje ne suka kawo irinta a ƙafafunsu. Wata yarinya ta ce ta ji a gida cewa a cikin buhunan takin zamani take zuwa. Ana cikin haka sai ga Baba mai gadi ya zo wucewa da sandarsa. Ya tsaya ya saurara, sannan ya ce, "Malam, me yaran nan suke faɗa? Wannan ai shalla ce. Tun muna yara muke yankan ta a fadama, iyayenmu su yi labulen ƙofa da karanta." Na ce, "Baba, ka tabbata ita ce?" Ya ce, "Haba Malam, in manta da abin da na yanka da hannuna?"

Yaran suka yi dariya, suna ganin tsufa ne. Ni kuwa a nawa ra'ayi Baba ne ya ci gardamar, kuma dalilin wannan rubutu shi ne in nuna cewa bambancin maganarsa da ta yaran ba ƙarami ba ne. Wanda ya ɗauka baƙuwa ce zai nemi wanda zai zarga. Wanda ya san 'yar gida ce dole ya tambayi kansa abin da ya sauya har 'yar gida ta zama annoba.

Bari mu fara da sunanta. Masana tsirrai suna kiran ta Typha domingensis. Kashi na biyu na sunan ya samo asali ne daga Santo Domingo, wani tsibiri a yankin Karebiyan, kuma wani masani mai suna Persoon ne ya raɗa mata shi a 1807. Wannan suna yana ruɗin masu karatu, sai su zaci can ne mahaifarta. Ba haka ba ne. Wurin da aka fara rubuta abu a littafi daban, wurin da ya fito daban. Wani mutumin Denmak, Peter Thonning, ya tara tsirrai a gaɓar tekun ƙasar da yanzu ake kira Gana daga 1799 zuwa 1803, kuma wannan ciyawa tana cikin abin da ya samu. Da aka buga bayanin tsirransa a 1827 aka ba ta suna Typha australis, sunan da za ku riƙa gani a tsofaffin littattafan Afirka ta Yamma. Daga baya masana suka gane ciyawa ɗaya ce aka yi wa suna biyu. Haka kuma likitan nan Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya kuma tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya rubuta ta da sunan da Baba ya faɗa. A lokacin babu dam ko ɗaya a ƙasar Kano, babu takin zamani, kakanninmu kuwa sun riga sun san ta har sun ba ta suna, sun san abin da ake yi da ita.

To ina ne ainihin gidanta? Amsar ita ce kusan duk inda duniya take da ɗumi kuma akwai ruwa mai kwanciya. Tana nan a Afirka daga Masar har ƙasashen kudu, tana bakin Tafkin Cadi, tana kudancin Turai a ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, tana fadamun kudancin Iraƙi, tana Indiya, tana Ostareliya, tana nahiyar Amurka daga kudancin ƙasar Amurka har Ajantina. A duk waɗannan wurare ba wanda ya kai ta. Tana da 'yar'uwa mai faɗin ganye, Typha latifolia, wadda ta fi son ƙasashen sanyi na arewacin duniya. Tamu ita ce ta ƙasashen zafi, kuma tana jure ruwa mai ɗan gishiri.

Yadda ta game duniya ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa murza kanta idan ya bushe. Ku gwada ku gani. Kan nan mai ruwan ƙasa furanni mata ne a cunkushe, furanni maza kuwa suna sama da su a kan kara ɗaya, da 'yar tazara tsakani kamar faɗin yatsa ko biyu. Idan kan ya nuna sai ya fashe, ya zama kamar audugar rimi, kowane sili ɗauke da ƙwayar iri wadda da ƙyar ido ke gani. Kai ɗaya yana iya ɗaukar iri fiye da dubu ɗari. Iskar hunturu ta kwashe su ta yi gaba. Saboda haka ina tabbatar muku irin kacala ya daɗe yana sauka a kududdufinmu kowace shekara, tun kafin a haifi ɗaliban da suka yi gardamar. Bai sami wurin zama ba ne kawai.

A nan zan ɗan ratse. Mu da muke ƙyamar baƙo a cikin tsirrai, mu duba gonakinmu. Masarar da muke taƙama da ita a ƙasar Karaye da Rogo daga nahiyar Amurka aka kawo ta. Haka rogo, haka gyaɗa, haka tumatir da barkono. Darbejiyar da muke shan inuwarta a filin taro daga Indiya take. Akwai kuma baƙuwa ta gaskiya wadda ta zama fitina, wato irin kainuwar nan mai shuɗin fure wadda asalinta Amurka ta Kudu ne, ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagiri a 1984. Don haka baƙunta ba ita ce ma'aunin alheri ko sharrin tsiro ba. Mu koma kan maganarmu.

Me kacala take bukata? Abu uku: ruwa marar zurfi wanda ba ya gudu sosai, ruwan ya zauna rani da damina, sannan laka mai taki. Ƙarfinta ba a ganye yake ba, yana ƙarƙashin laka. Tana da wani kauri-kaurin tushe mai rarrafe, cike da abinci, wanda yake tafiya yana fid da sababbin tsiro. Gindi ɗaya cikin 'yan shekaru sai ya zama daji. Cikin laka babu iska, amma ganyenta kamar soso yake, akwai ƙananan hanyoyi a ciki da suke kai iska daga sama zuwa tushen. Ku tsaga ganye ɗaya za ku gan su. Wannan shi ne sirrinta, kuma shi ne lagonta. Idan aka yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, ruwa ya rufe kututturen, tushen ba ya samun numfashi, in aka maimaita sau biyu ko uku sai ya ruɓe. Idan kuwa aka yanke ta a sama, ko aka banka mata wuta kamar yadda wasu suke yi, aski kawai aka yi mata. Babban abin da ya fi lauje kuwa shi ne rani. Fadamar da take bushewa ƙayau wata huɗu ko biyar a shekara, ƙasa ta tsage, shanu su tattaka, ba ta barin kacala ta yi sarauta. Sai dai ta raɓe a 'yan wuraren da ruwa ke saura. Haka Baba ya san ta: tana nan, amma tana da iyaka.

Yanzu sai mu ɗaga ido daga kududdufi mu dubi kogi, domin labarin ɗaya ne, girma ne ya bambanta.

Kogin Challawa, wanda aka tare a nan ƙasar Karaye, yana gangarawa ya haɗu da Kogin Kano, su zama Kogin Haɗeja. Ya bi ta Wudil da Ringim ya kai Haɗeja. A wannan yanki ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, kogin ya rarrabu: akwai reshen Kafin Hausa, akwai Burum Gana, akwai tsohuwar hanyar kogin, akwai Marma mai zuwa tafkin Nguru. Abin da ya tsira ya haɗu da ruwan Jama'are a wajen Gashuwa, ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. A zamanin dā wannan kogi na damina ne. A watan Agusta da Satumba ya cika ya batse, ya malale fadamu, ya kawo sabuwar laka da kifi. Da kaka ya janye. Mutanen Haɗeja da Guri da Kirikasamma da Nguru da ƙasar Bade sun gina rayuwarsu a kan wannan zuwa da komowa: shinkafa da ruwan ambaliya, wake da sauran amfani a danshin da ruwa ya bari, su a tafkunan da suka rage, Fulani kuma su kawo shanu su ci ciyawar rani. Fili ɗaya, sana'a uku ko huɗu, kowa da lokacinsa.

A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama a 1974. Tamu ta Challawa aka gama ta a 1992, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Ina firamare a lokacin, kuma ina tuna yadda manya suke hira a kan garuruwan da aka tasa da gonakin da ruwa ya ci. Waɗannan madatsu biyu su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Aikin dam shi ne ya tare ruwan damina ya riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan da rani, domin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, da na Auyo, da kuma ruwan sha na birnin Kano. Wato kogin da yake cika ya bushe sai ya koma kogin da ba ya cika sosai, ba ya kuma bushewa. Ambaliyar da take wanke hanyoyin ruwa ta share laka ta ragu, ranin da yake kashe ciyawa ya ɓace. Ku haɗa da takin zamanin da ke wankowa daga gonakin rani. Ruwa marar zurfi, mai zama duk shekara, mai taki. Abu ukun nan da na lissafa a baya sun cika. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shekaru kaɗan da suka wuce na kai ziyara wajen wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare, yana koyarwa a wani ƙauye tsakanin Haɗeja da Nguru. Gani ya kori ji. Ya ɗauke ni a babur muka hau wani tudu, iyakar ganina kacala ce, kore shar, iska tana kaɗa ta. Wallahi da ban san labari ba da na ce gonar gero ce ta wani attajiri. Wani dattijo da muka tarar yana gyaran taru ya nuna mini tsakiyarta da hannu, ya ce a can gonar shinkafar mahaifinsa take. Ya ce kwalekwale ba ya ratsawa sai an sare hanya, hanyar kuma ba ta wata biyu ta rufe. Da ya ji daga inda na fito sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe ɗana daga bakin famfo kake." Ban sami abin ce masa ba.

Ɓarnar ba ta tsaya ga filin da ciyawar ta mamaye ba. Inda ta yi kauri ruwa yana rage gudu, laka ta kwanta, hanyar kogi ta cike. Da tsohuwar hanyar Haɗeja da Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata zuwa Marma. Sakamakon haka wasu garuruwa suna cikin ruwa shekara da shekaru, wasu kuma da suke can gaba suna jiran ruwan da ba ya isowa. Ambaliya da fari a kogi ɗaya, a shekara ɗaya. Tsuntsayen jan-baki sun sami masauki a cikinta inda ba mai iya kai musu, daga nan suke tashi dubbai su faɗa wa gero da dawa da shinkafa. Sauro yana hayayyafa a ruwan da ta tare, haka ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya. A damina mai ƙarfi irin ta 2022, lokacin da ruwa ya yi mummunar ɓarna a Jihar Jigawa, toshewar hanyoyin ruwa tana ƙara wa abin muni, domin ruwan da ya rasa hanya cikin gari yake shiga. Wannan fa wuri ne da duniya ta san darajarsa, domin a 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen da suke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a can.

Kada wani ya ce wannan rashin sa'a ce ta Najeriya kawai. A Kogin Senegal an gina madatsar Diama a 1986 domin hana ruwan teku shigowa. Ruwan bayan madatsar ya daina sauka, gishirin da yake shigowa da rani ya daina zuwa, kacala ta rufe bakin kogin a ɓangaren Senegal da na Muritaniya. A Amurka, a babbar fadamar Everglades ta jihar Fulorida, ita ma 'yar gida ce, tana zaune lafiya da sauran ciyayi, har ruwan da ke fitowa daga gonaki ɗauke da sinadarin taki ya shiga, ta kori maƙwabtanta. Wurare uku, nesa da juna, ciyawa ɗaya, kuma a kowannensu hannun mutum ne ya fara taɓa ruwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na san abin da wasu za su ce, har a ɗakin malamai an faɗa mini: "To Malam, so kake a fasa dam?" Ko kaɗan. Ni ma ina cin kifin Challawa. Da yawa daga cikinku kuɗin makarantarku daga lambun rani yake fitowa, daga albasa da tumatir da masarar da aka shayar da wannan ruwa. Miliyoyin mutane a Kano da shi suke sha. Wanda ya ce a koma yadda ake kafin 1974 mafarki yake yi. Amma tsakanin fasa dam da yin shiru akwai fili mai faɗi. Ƙofar dam hannu ne yake buɗe ta, hannu yake rufewa. Ana iya sakin ruwa mai yawa a lokacin da kogi ya saba cika, domin ya wanke hanya ya shayar da fadamu, a kuma rage na rani zuwa iyakar abin da ake bukata, har a ba wasu rassan kogin damar bushewa na wani lokaci. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, masana sun daɗe suna faɗar ta. Wahalarta ita ce tana bukatar mai noman rani a Kano, da mai kula da ruwan sha, da masunci a Nguru, da makiyayi a Bade su zauna su yarda da lissafi ɗaya. A 2006 jihohi shida da suke cikin wannan kwari, wato Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauci da Filato, sun taru a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da shi. Zama irin wannan shi ake bukata, ba sau ɗaya ba, kuma da muryar mutanen ƙasan kogi a ciki.

Gwamnatin Jigawa ta sayi injinan haƙa masu aiki a kan ruwa, al'ummomi kuma suna fita aikin gayya da lauje da adda, suna shiga ruwa har ƙirji, ga macizai ga tsargiya. Ina girmama wannan ƙoƙari ƙwarai, kuma inda aka buɗe hanya mutane sun ga amfani. Sai dai muddin yanayin ruwan bai sauya ba, aikin kamar sharar tsakar gida ne a ƙarƙashin bishiya mai zubar da ganye. Dole a yi, amma gobe ma sai an yi.

Wani abin da kiran ta baƙuwa yake jawo mana shi ne mantuwa da amfaninta. Abin da aka ɗauka la'ana ne ba a tambayar me zai yi. Kakanninmu sun yi labule da karanta. A ƙasashe da yawa ana saƙa tabarma da kwando da ganyenta, ana rufin ɗaki da ita. A kudancin Iraƙi ana tara garin furenta mai ruwan ɗorawa a yi wani abin zaƙi da shi a sayar a kasuwa. A Senegal da Muritaniya, musamman wajen garin Rosso, ana mayar da ita gawayin girki, wanda hakan yake rage saran itace. A nan gida Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta yi bincike tare da masana daga waje a kan sarrafa ta ta zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Tana kuma tsotse ƙazanta daga ruwa, shi ya sa a wasu ƙasashe da gangan ake shuka ta a inda ruwan datti ke bi. Amma in ja kunne: saboda wannan hali nata, kada wani ɗalibi ya karanta cewa ana cin wani sashe nata ya je ya tono ta kududdufinmu ya kai baki. Ruwan wankinku take sha.

Ban ce sana'ar tabarma ko gawayi za ta share dubban kadada ba. Wanda ya ce haka yana yi wa mutanen Guri ba'a ne. Abin da na ce shi ne, ciyawar da ake yanka saboda tana kawo kuɗi ta fi samun mai yankan ta a kai a kai fiye da wadda ake jiran gwamnati ta zo ta cire.

Saura namu laifin, mu na saman kogi, kuma a nan ne na fi so ɗalibai su tsaya su yi tunani. Ba mu muke riƙe da mabuɗin dam ba, gaskiya ne. Amma mu muke noma har bakin rafi ba mu bar ko taku biyar na ciyawa da zai riƙe ƙasa ba. Mu muke sare itatuwan gaɓa. Ƙasar da ruwan sama yake kwashewa daga gonakinmu ba ɓacewa take yi ba, cikin tafki take kwanciya ta rage masa ciki. Mu muke watsa taki a sama ana gab da ruwa maimakon mu binne shi a gindin shuka, rabi ya tafi rafi, mu yi asarar kuɗinmu, mu kuma ciyar da ciyawa. Wasunku nan gaba za su zama injiniyoyi, wasu malaman gona, wasu ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wataƙila wani ya zama shi ne mai sa hannu a takardar sakin ruwa. Ina so ranar da ya ɗauki alƙalami ya tuna cewa akwai mutum a ƙarshen kogin, mai gona da 'ya'ya kamar ubansa, wanda bai taɓa ganin Karaye ba amma abin da aka yi a Karaye yana kwana a ƙofar gidansa. Maƙwabci ba sai wanda katangarku ta haɗu ba. Wanda ruwa ya haɗa ku ma maƙwabci ne.

Game da kududdufinmu kuwa, ga shawarar da na kai wa shugaban makaranta, ya kuma amince. Za mu raba shi gida uku da turaku. Kashi na farko za mu yanke ƙasa da ruwa sau uku, mako huɗu-huɗu tsakani. Kashi na biyu za mu yanke a sama kamar yadda aka saba. Kashi na uku ba za mu taɓa ba. 'Yan aji huɗu su za su riƙe littafin awo, su rubuta tsawon sabon tsiro kowace Juma'a. Bayan an gama wannan, sai mu haƙa 'yar lambatu mu karkatar da rarar ruwan tanki zuwa lambun kayan miya, mu bar kududdufin ya sha rani ɗaya cikakke, mu ga abin da zai rage. Ba wanda zai shiga ruwan ba tare da takalmin roba ba, kuma mai ciwo a ƙafa aikinsa a tudu yake.

Baba mai gadi ya yarda zai koya wa masu so yadda ake jera karan a ɗaure, da sharaɗin a shanya shi a inuwa, kuma a daina yi masa dariya. Ina kuma roƙon kowane ɗalibi, idan ya je hutu, ya yanki kai ɗaya ya nuna wa kakansa ko kakarsa, ya tambayi sunan da suke kiran ta da shi da abin da suke yi da ita, ya rubuto mini tare da sunan garin. Na riga na sami uku: kacala, shalla da geranya. Iyayenmu na ikkilisiya da suka fito daga wasu ƙasashe, masu wasu harsuna, su ma muna jiran nasu. Za a fara yankan ranar Asabar ta biyu bayan dawowa hutu, da ƙarfe bakwai na safe, kowa ya zo da laujensa.